Takin ruwa na ciyawar teku: me ke cikin kwalbar, kuma ina haɗarin yake?

Tun da kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo a 2021 da 2022, saboda tsadar iskar gas da yaƙin Rasha da Yukiren, manoma ke neman abin da zai rage musu nauyin buhu. Rufe iyakokin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ya ƙara wa wuyan kaya wuya. A irin wannan hali, ƙaramar kwalba da aka ce tana isar hekta guda dole ta ja hankali. Daga cikin takin ruwa da ake gani a shagunan kayan noma da tallace-tallacen WhatsApp akwai wanda aka tatso daga ciyawar teku. A jikin wasu kwalaben za a ga an rubuta algues marines da Faransanci, waɗanda suka biyo ta Kano kuwa seaweed ake rubutawa.

Magana biyu ke yawo a kansa. Masu sayarwa na cewa daga tsiro aka yi shi, don haka ba shi da illa ga ƙasa ko ga mutum. Wasu kuma sun ji cewa ciyawar teku na tsotse guba daga ruwa, suna tsoron kada ta ƙare a cikin salak da tumatur. Kowace magana na da ƙanshin gaskiya, amma babu wadda ta isa mai garka a Mirriya ko Matamaye ya yanke shawara a kanta ita kaɗai.

Mece ce ciyawar teku, kuma yaya ake tatsar ta?

Sunan ciyawa ara aka yi mata. Dangin gansakuka ce, irin koren abin nan da ke rufe bakin tabki, sai dai ta teku tana girma ƙwarai, wata ma ta fi tsawon itacen dabino. Ba ta da saiwa, da dukan jikinta take shan abinci daga ruwan da take ciki. Wannan ɗabi'a ita ce tushen amfaninta, ita ce kuma tushen tsoron da ake yi mata.

Akwai mai ruwan ƙasa, akwai ja, akwai koriya. Mafi yawan takin ruwa daga mai ruwan ƙasa ake yin sa, musamman wadda masana ke kira Ascophyllum nodosum, da ake yanka a gaɓar tekun Norwe, Ayalan, Sikotilan da Kanada. Afirka ta Kudu na amfani da Ecklonia maxima, Indiya kuma na matse ruwan wata ja mai suna Kappaphycus alvarezii wadda ake nomawa a kan igiyoyi cikin teku. Mutanen bakin teku a Turai sun daɗe suna kwasar ta suna zubawa a gona kamar yadda ake kai takin gida. Mayar da ita ruwan kwalba kuwa a Ingila aka fara, wajejen 1950.

A masana'anta, hanyar da ta fi yawa ita ce a dafa ta da sinadari mai kaifi irin na toka, wato potas, har ta narke ta zama baƙin ruwa. Wasu kamfanonin niƙa suke yi su matse ba tare da wuta ba. Ke nan kwalba biyu masu suna ɗaya na iya bambanta kamar kunu da fura: irin ciyawar daban, tekun da aka ɗebo ta daban, hanyar tatsa daban.

Taki ne ko mai ƙara kuzari?

Nan ne ruɗanin ya fi yawa, kuma nan ne manomi ya fi iya yin asara.

Taki shi ne abin da ke ba shuka abinci, kuma manyan abincin uku ne: azot mai sa ganye kore, fosfor mai ƙarfafa saiwa da ƙwaya, sai potas. Lambobi ukun da ke jikin buhu su suke nunawa. Buhun yuriya mai kilo 50 na ɗauke da azot kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23. Tsantsar ruwan ciyawar teku kuwa azot ɗinsa yakan tsaya wajen kashi 1 cikin ɗari ko ƙasa da haka, fosfor kusan babu, potas ne kawai yake da ɗan dama, shi ma wani ɓangarensa daga sinadarin dafawa ya fito.

A ɗauki lissafi. Idan an fesa lita 2 a hekta, kuma azot ɗin kashi 1 ne, abin da gona ta samu bai wuce giram 20 ba. A kwatanta da dabarar ɗan ƙyas a rami da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore da abokan aikinta suka yaɗa a Nijar: giram 6 na takin zamani 15-15-15 a kowane ramin hatsi. A rami 10,000 ya kama kilo 60, cikinsa akwai azot kilo 9. Wannan dabara ta mai ƙaramin ƙarfi ce, amma duk da haka ta ninka abin da kwalbar ta bayar sau 450. Ga kuma matsalar fosfor, wanda binciken shekara da shekaru ya nuna shi ne abin da jigawar Nijar ta fi ƙaranci. Kwalbar ba ta da amsa a nan.

To me take yi? A cikinta akwai sinadarai irin su aljinet, laminarin, manitol da wasu, waɗanda ke zaburar da shuka ta yi saiwa da yawa, ta fi jure ƙishi da zafi da gishiri, ta kuma fi iya jan abincin da ke ƙasa. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/1009, wadda ta fara aiki ranar 16 ga Yulin 2022, ta ware irin waɗannan kaya a aji na dabam, na masu zaburar da shuka, ta kuma ce aikinsu ba ya rataya a kan yawan abincin da ke cikinsu. A taƙaice kamar goro ne ga mai aikin gona: yana wartsakar da shi, ba ya zama masa tuwo.

Akwai kwalaben da za a ga manyan lambobi a jikinsu, kamar 10 ko 20. Waɗannan an haɗa su ne da takin zamani. Ba laifi ba ne idan an faɗa a fili, sai dai kiran su kayan tsiro zalla ba daidai ba ne.

Batun guba: a duba adadi

Da yake ciyawar teku da jikinta take sha, tana tara abin da ke cikin ruwa har ya fi na ruwan yawa. Tana tara aidin, wanda jiki ke buƙata kaɗan. Tana kuma tara arsenik, kadmiyom, dalma da zaiba, gwargwadon irinta da tsabtar tekun. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki maganar da wasa ba.

Arsenik ne ya fi ɗaukar hankalin masana, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ke ɗaure da sinadaran jikin tsiron, cutarwarsa kaɗan ce, kuma shi ya fi yawa a Ascophyllum. Akwai kuma sakakke, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa a jerin masu haddasa kansa. Dangin Sargassum sun yi suna wajen tara wannan na biyun. Saboda shi ne hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a a 2004 kan cin hijiki, wata ciyawar teku da ake ci a Japan. Tun 2011 kuma Sargassum ke taruwa tuli-tuli a tekun Atilantika, tana fitowa a gaɓar tsibiran Karibiyan da ta Afirka ta Yamma, daga Saliyo zuwa Gana da Najeriya. Kaya ne na banza a bakin ruwa, don haka akwai kwaɗayin mayar da shi taki mai araha. Tambayar wace ciyawa ce a kwalba ba ta masu son iyayi ba ce.

Dokar Turai ta sa iyaka a kowane kilo na busasshen kayan: sakakken arsenik miligiram 40, kadmiyom 1.5, dalma 120, zaiba 1. A ɗauka kwalba ta kai maƙurar iyakar arsenik, kuma lita 2 ɗin da aka fesa na ɗauke da rabin kilo na busasshen abu. Abin da ya sauka a hekta miligiram 20 ne. Ƙasar saman hekta guda, zurfin taƙi ɗaya, ta kai nauyin tan 3,000, kuma kowace ƙasa na da ɗan arsenik nata na asali wanda ya ninka wannan sau dubbai. Amma wanda ya zuba tan 10 na busasshiyar ciyawar mai irin wannan adadi a matsayin takin gargajiya ya sa giram 400, ninki 20,000 ke nan. Gargaɗin da ake ji daga ƙasashen bakin teku mafi yawansa a kan wannan zubi na tan-tan ne, kuma babu mai kawo tirelar ɗanyar ciyawar teku Damagaram.

Abin lura, takin zamani mai fosfor shi ma yana ɗauke da kadmiyom daga dutsen da aka haƙo shi, kuma da buhu ake zuba shi. Takin bola da ake kwasowa daga cikin gari, mai haɗe da matattun batura da leda, ya fi kwalbar kamfani mai rajista zama abin tsoro ta wannan fuska.

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya: cewa an auna kayan, kuma abin da ke rubuce shi ne abin da ke ciki.

Gishiri da kanwa

Litar ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma ciyawar da ba a wanke da kyau ba tana tahowa da nata. A feshin ganye, inda ake sa mililita kaɗan a litar ruwa, gishirin bai kai ya ɓata ƙasa ba. Inda ake samun matsala shi ne a ƙara yawa don a ga aiki da wuri, ko a yi feshi da tsakar rana a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ruwan ya bushe nan take, gishiri da potas su zauna a ganye su ƙone gefensa.

Wannan ya fi shafar masu noma a kwaruruka irin na Gidimuni da yankin Gure, inda kanwa ke fitowa fari fat a saman ƙasa. Dabino na jure gishiri, albasa da salak da wake ba sa jurewa. Mai irin wannan ƙasa da yake zuba ruwan a gindin shuka akai-akai yana ƙara wa Barno dawaki ne, ko da kaɗan-kaɗan.

Kwalbar da ba a san asalinta ba

Idan aka auna haɗurran gaba ɗaya, wanda ya fi nauyi a kasuwa irin tamu ba daga teku yake zuwa ba. Baƙin ruwa ba shi da wuyar kwaikwayo. Ana iya narkar da yuriya a sa launi, shuka ta yi kore cikin kwana kaɗan, mai saye ya gamsu. Ana iya tsarma kayan gaske da ruwa a ɗura a ƙananan robobi marasa suna. Mafi muni, ana iya sa maganin ƙwari a ɓoye don a ce kayan na korar tsutsa. Mai garka ya fesa yau ya yanki salak gobe, yana ganin ruwan tsiro ne, alhali maganin ƙwari na da kwanakin jira kafin girbi.

Akwai kuma ƙwayoyin cuta. Dafawa da sinadari mai kaifi na kashe mafi yawansu, amma haɗin da aka tsima da kifi ko jini ko kashin dabbobi ba tare da kulawa ba na iya ɗauke da masu sa gudawa. Dokar Turai ta ce kada a samu ƙwayar cutar salmonela ko ɗaya a giram 25 na kayan. Ga kabeji da za a dafa abin da sauƙi, ga salak da tumatur da ake ci ɗanye da ƙuli-ƙuli kuwa ba haka ba ne. Zafin shago mai rufin kwano shi ma na lalata kaya. Kwalbar da ta kumbura, ko take tashi da warin ruɓa idan an buɗe, ta riga ta sauya.

Ta fuskar doka, ƙa'idar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 2012 kan ingancin taki ta tanadi rajistar masu sayarwa, da rubuta abin da ke cikin kaya da nauyinsa a jiki, da binciken jami'ai. Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma kayan da ke shigowa daga maƙwabta ba su daina ba, kuma iyakar da ke tsakanin Magariya, Matamaye da Daura ba ta da ƙofa ɗaya. Maganin ƙwari kuwa kwamitin Sahel na CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari ta yankin, wanda ake kira CSP, shi ke ba shi izini. Saboda haka duk kwalbar da ta yi iƙirarin kashe ƙwari ta shiga wani aji, ana sa ran ganin lambar izini a jikinta. Auna arsenik da kadmiyom aikin ɗakin gwaji ne mai na'urori masu tsada, ba abin da ido ko hanci ke ganewa ba.

Masu yabo da masu shakka

Masu goyon baya na da hujja. Wani nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwajen gona 180 kan kayan zaburar da shuka iri-iri, har da na ciyawar teku, ya samu ƙarin amfani na kusan kashi 18 cikin ɗari a matsakaici. Ya kuma nuna tasirin ya fi fitowa a busassun wurare, a kayan lambu, da ƙasa mai rairayi marar taki. Wanda ya karanta wannan siffa zai ga kamar garkar Damagaram ake nufi.

Masu shakka na cewa a yi hattara da matsakaicin lissafi. Gwajin da ya yi nasara shi aka fi wallafawa, wanda bai nuna komi ba yakan kwana a aljihun tebur, kuma kamfanonin da ke sayar da kayan na ɗaukar nauyin bincike da dama. A yawancin gwaje-gwajen ma an ba shukar takinta cikakke, ruwan ciyawar ƙari ne a kai. Sakamakon kuma ba ya tsayawa: kaya ɗaya ya yi aiki bana ya ƙi baɗi, ya karɓi tumatur ya ƙi albasa.

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba su saɓa a kan lafiyar kayan kirki ba. Saɓaninsu a kan riba ne: ko ƙarin da ake samu ya biya kuɗin kwalba da wahalar feshi.

Noma mai ɗorewa, ta wace fuska?

Ciyawar teku ba ta cin gona, ba ta shan ruwan rijiya, ba a zuba mata taki. Duniya na samar da fiye da tan miliyan 30 a shekara, kusan duka a Asiya, kuma matan Zanzibar na noma ta tun ƙarshen shekarun 1980. Wadda ake yanka a daji kuwa, idan aka wuce ƙima, mazaunin kifaye ne ake rushewa, shi ya sa ƙasashen da ke yankan ta suke sa ƙa'idar tsawon da za a bari da shekarun hutu.

Amma ɗorewa a Damagaram tambaya ce ta ƙasa. Jigawa na rasa ƙarfi ne saboda ana kwashe hatsi da kara ba a mayar da komi, iska kuma na ɗauke saman. Lita 2 ba ta ƙara wa ƙasa jiki. Idan ma ta sa shuka ta fi jan abinci ba tare da an mayar ba, to rumbun ne ke saurin ƙarewa. Abin da ya farfaɗo da gonakin Magariya, Matamaye da Mirriya tun daga tsakiyar shekarun 1980 shi ne barin gawo da sauran itatuwa su tsiro a gona, aikin da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo na zubar da ganye da damina, yana tara azot, dabbobi na kwana a inuwarsa su bar taki. Ga kuma kaya da ake sayowa da kuɗin waje zuwa yankin da ke nisan kusan kilomita 1,000 daga teku mafi kusa: ranar da iyaka ta rufe, ya yanke.

Abin da ya shafi mai garka, mai hatsi da mai saye

Mai hatsi da dawa a jigawa shi ne ya fi nisa da cin riba. Kuɗin da zai sa a kwalba, idan ya sa shi a ɗan ƙyas na takin DAP mai fosfor ko 15-15-15 tare da takin gida, ya fi kusa da dawowa. Feshin hekta kuma na buƙatar ruwa lita ɗaruruwa, a gonar da ko na sha sai an ɗauko a kura.

Mai noman rani na tumatur, tattasai, kankana ko albasa shi ne zai iya ganin amfani, musamman lokacin dashe da fitar fure da shigowar zafi, muddin ya ɗauke shi ƙari a kan taki. Abin da zai duba a jikin kwalba shi ne sunan kamfani da adireshinsa, sunan irin ciyawar, lambobin abinci ukun, ranar yi da ranar lalacewa, adadin da ake tsarmawa, da murfin da ba a taɓa ɓallewa ba. Feshi da sassafe ko da la'asar sakaliya. Ruwan da ba a tsarma ba yana da kaifi, yana cin ido da fata, don haka a wanke hannu, a nisanta shi da yara, ga shi baƙi kamar lemon kwalba. Robar da ta ƙare kada ta koma ta mai ko ta fura. Haɗa shi da maganin ƙwari a famfo ɗaya na iya rage ƙarfin wasu magungunan, haɗa shi da taki mai kalsiyom kuma na iya sa ya yi gudaji ya toshe bakin famfo, sai a fara gwadawa a kofi. Malaman gona na jiha, da zauren manoma da ke ƙarƙashin RECA, haɗakar zaurukan manoma ta ƙasa, da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, su ne wuraren kai kwalbar da ake shakka.

Mai sayen salak a kasuwar Dole ba shi da hanyar sanin abin da aka fesa. Kariyarsa ita ce wadda aka sani tun da: wanki da ruwa mai tsabta sau da yawa. Wanki na rage ƙwayoyin cuta da abin da ya zauna a saman ganye, amma ba ya fitar da maganin da ya riga ya shiga jikin shuka, shi ya sa nauyin ya fi komawa kan mai feshi da mai shigo da kaya.

Gwajin da mai garka zai iya yi da kansa ba shi da tsada. Ya ware fangali shida masu ƙasa iri ɗaya, irin shuka ɗaya, ban ruwa ɗaya, taki ɗaya. Uku ya fesa, uku ya bari, a cakuɗe ba a jere ba, don kada gefen da ya fi kusa da rijiya ya ruɗe shi. Koren ganye ba shi ne ma'auni ba, yuriya ma na kawo shi. Kwandunan da aka cika daga kowane fangali har ƙarshen tsinka za a ƙirga, a cire kuɗin kwalbar daga bambancin.